Ina Ruwan Nan Yake Zuwa?

Wata Asabar da la'asar, muna dawowa daga Funtuwa, babbar 'yarmu mai shekara shida ta leƙa ta tagar mota ta hango dam ɗin Mairuwa yana sheƙi, ta ce, "Abba, ina ruwan nan yake zuwa?" Muka ce famfunan Funtuwa. Ta yi shiru irin na wanda bai gamsu ba. Da muka isa gida sai muka buɗe mata taswira a waya, muka nuna mata cewa Kogin Sakkwato daga nan yankinmu yake farowa, ya bi ta Gusau, ya haɗu da Rima a Sakkwato, ya gangara ta Birnin Kebbi ya faɗa Kogin Kwara, shi kuma Kwara ya yi kudu har teku. Ta ɗora yatsa a kan shuɗin da ya cika ƙasan allon, ta ce, "To mu je mu gani."

Dariya muka yi a lokacin. Da dare kuma, bayan sun yi barci, muka kasa yin dariyar. Yarinyar nan tana goye aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara a Disambar 2020. Ƙaninta kuwa an haife shi ne bayan shekarar da aka katse layukan waya a Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara da maƙwabtansu, a 2021, lokacin da sai mun je Zariya muke samun intanet ɗin tura aiki. Mu mun taso muna zuwa bakin dam kallon masunta, muna bin iyaye gona har magariba. Su duniyarsu ba ta wuce gida da islamiyya da cikin mota mai rufaffen gilashi ba. Kalmar da suka fi ji daga bakinmu ita ce "ku shigo ciki." Wannan ne ya sa maganar teku ta zauna mana a rai.

Sana'armu rubuta manhaja ce, kuma wasu ayyukan da dala ake biya, don haka akwai ɗan abin da muka tara da niyyar Umara. Mai irin sana'armu in ya rasa abin yi da wata matsala sai ya buɗe jadawali a kwamfuta. Haka muka yi. Muka jera jiragen ruwan yawon shaƙatawa, irin waɗanda suke kamar otal mai hawa goma sha wani abu yana tafiya a kan ruwa, muka soma cike gurabe.

Fasfon Najeriya ne ya fara yi mana tankaɗe. Jiragen da suka fi suna wajen kula da yara, irin na Disney da Royal Caribbean, yawancinsu daga Florida suke tashi, wato sai da bizar Amurka ta mutum biyar. Na Bahar Rum, masu tashi daga Barcelona ko Genoa, sai da bizar Schengen. Ba mu ɓata lokaci a kansu ba. Abin da ya rage a gabanmu shi ne Dubai da Jidda, kuma Jidda ta fi kwanta mana, tunda daga filin jirgin Malam Aminu Kano tafiyar kusan awa biyar ce, ga kuma Umarar da dama muka ƙulla. A Disambar 2024 Saudiyya ta ƙaddamar da jirginta mai suna Aroya, mai ɗaukar fasinja sama da 3,000, yana tashi daga Jidda ya zaga Bahar Maliya, wasu tafiye-tafiyen har Aƙaba ta Jodan da Sharm El Sheikh ta Masar. Ba giya a cikinsa, ba gidan caca, abinci na halal ne, akwai wuraren salla. Gurabe uku na jadawalinmu suka cika a lokaci ɗaya, har muka fara ganin kamar an gama.

Sai muka je gaishe da Hajiya.

Ta saurare mu har muka kai aya, tana jan carbi. Sannan ta ce, "Yanzu jikokin nawa za ku ɗora a kan ruwa? Kun manta Bagwai?" Ba mu manta ba. A ƙarshen Nuwambar 2021 kwale-kwale ya kife a dam ɗin Watari da ke Bagwai ta jihar Kano, cike da 'yan islamiyya da za su je Mauludi, aka rasa rayuka kusan 30, yawancinsu yara. A shekarar ce kuma wani ya nutse da mutane sama da ɗari a wajen Warra ta jihar Kebbi. A ƙasar nan in aka ce jirgin ruwa, labarin da ke biyo baya a rediyo ba ya wuce na jana'iza. Muka ce, "Hajiya, wannan ba kwale-kwale ba ne, tsawonsa ya haura mita 300." Ta ce, "Shi ruwan an gaya masa?"

Mun so mu ci gaba da gardama, amma mun san inda ta dosa, domin irin tambayar da muke yi ke nan a wurin aiki. Kafin a saki manhaja, bayan an gwada ta a yadda ake so ta yi aiki, sai an zauna an tambaya: in ta faɗi fa? In wuta ta ɗauke ana tsakiyar tura kuɗi fa? Jadawalinmu cike yake da wuraren wasan yara da kalolin abinci, babu gurbi ko ɗaya na ranar da abu zai ɓaci. Muka koma muka sake shi daga farko.

A nan ne muka koyi abubuwan da hotunan talla ba sa nunawa. Dokar kiyaye rayuka a teku da ake kira SOLAS, wadda aka fara tsarawa a 1914 bayan nutsewar Titanic, ta wajabta rigunan kariya daidai jikin yara da na jarirai a jiragen fasinja. Bayan jirgin Costa Concordia ya kife a gaɓar Italiya a Janairun 2012 ya ci rayuka 32, aka tsananta cewa a nuna wa fasinjoji wurin taruwar gaggawa kafin jirgi ya bar tasha ko da zarar ya tashi, ba sai gobe ba. Muka kuma gane cewa babban haɗarin yaro a irin wannan jirgi ba daga tekun yake zuwa ba, daga ƙananan abubuwa ne: tafkin ninƙaya da ke saman jirgi, wanda ba kowane kamfani ke ajiye mai tsaro a bakinsa ba, barandar ɗaki, da cutar amai da gudawa mai saurin zagaya wurin da mutum dubbai ke cin abinci tare. Akwai likita a jirgi, amma da kuɗi ake ganinsa, kuma da tsada, don haka inshorar tafiya ta shiga lissafi.

Maganar baranda ta ɗauke mu dare guda. Ɗaki mai baranda shi ne abin da ido ke so: a zauna da shayi ana kallon rana tana faɗawa ruwa. Shingen ya haura mita ɗaya, yaro ba zai faɗa haka kawai ba. Amma akwai kujera da tebur a wurin, mu kuma muna da ɗan shekara uku da ya taɓa jan turmi ya taka ya hau katangar zaure don ya ga awakin maƙwabta. Muka soke baranda. Muka zaɓi ɗaki mai tagar da ba ta buɗewa, a tsakiyar jirgi, a hawa na ƙasa-ƙasa, inda girgiza ta fi sauƙi ga mai saurin jin jiri. Ya ma fi araha, abin da ya sa ɗayanmu ya yi ta nuna kamar dama can ra'ayinsa ke nan.

Ƙa'idojin shekaru su ne suka fi ba mu mamaki. Yawancin kamfanoni ba sa karɓar jaririn da bai kai wata shida ba, a dogayen tafiye-tafiye ma sai ya cika shekara. Mai juna biyu da za ta shiga mako na 24 ba ta hawa. Ɗakin renon da ake barin yaro a tafi yawanci daga shekara uku yake farawa, kuma sai yaron da ya iya zuwa banɗaki da kansa. Mai famfas ba ya shiga babban tafki. Autarmu a lokacin watanta huɗu. Da mun biya kuɗin hutun da muka fara sa wa ido, da a bakin tashar Jidda za a juyo da mu. Ga kuma biza: jirgin da zai taɓa Masar ko Jodan ya dawo Jidda ya fitar da mutum daga Saudiyya ke nan, sai bizarsa ta kasance mai ba da damar sake shiga, ban da sharaɗin kowace ƙasar da za a sauka. Wannan ya sa muka karkata ga gajeriyar tafiya ta kwana uku da ba ta fita ruwan Saudiyya ba. Kwana uku ma sun isa a gane ko yaro yana son abu ko ba ya so, kuma in bai so ba, azabar ba ta yi tsawo.

Saura tambaya ɗaya da intanet ba ta da amsarta: su yaran, ya za su yi a kan ruwa? Ba su taɓa taka abin da ke motsi a ƙarƙashin ƙafarsu ba sai mota. Muka yi odar rigunan kariya na yara daga Kano, masu maɗauri ta tsakanin ƙafafu, muka nemi wani dattijon masunci da ya san mahaifinmu. Da hantsi muka je, rana tsaka-tsaki, mutane na kai-kawo, ba mu yarda da yamma ba. Ya dubi rigunan masu ruwan lemo, ya juya su, ya ce shekara arba'in yana kan ruwan nan bai taɓa sa irinsu ba. Ya ɗan yi shiru, sannan ya tambayi kuɗinsu da inda ake samu, wai yana da jikoki masu binsa su.

Bai yi nisa da mu ba, gefe-gefe ya bi. Babbar ta zauna ƙyam, ta riƙe gefen kwale-kwale da hannu biyu, ba ta ce uffan ba har muka juyo. Mu da muka zaci ita za ta fi kowa murna. Ƙanin nata, wanda muka shirya wa kuka, shi ne ya yi ta miƙa hannu yana son kamo ruwa, sai da aka riƙe shi ta ƙeyar riga tun daga tashi har sauka. A hanyar gida muka ƙara gurbi a jadawali: mutum ɗaya babba ga yaron nan shi kaɗai, ko'ina, ko da yaushe. Mu biyu ne, yara uku. Lissafi bai fita ba.

Muka koma wurin Hajiya da wannan lissafin. Ta ce kakanta ta ƙasa ya tafi Makka, ya ratsa Chadi da Sudan, ya yi shekaru a hanya yana aiki yana tara guzuri, sannan ya hau jirgin ruwa ya tsallaka wannan Bahar Maliyar zuwa Jidda. Tun tana yarinya take jin labarin tsallakawar, ba ta taɓa ganin ruwan ba sai ta tagar jirgin sama shekarar da ta sauke farali. Ta gyara zaman mayafinta ta ce, "In dai za ku yi Umarar tukuna, ku sa da ni. Ni zan riƙe Auta, ku ku ji da wancan ɗan ƙiriniyar."

Kuɗin ya ƙaru da na mutum ɗaya da ɗaki na biyu, don haka tafiyar ta matsa zuwa hutun makaranta na ƙarshen shekara, lokacin da zafin Jidda ya sauka kuma Auta ta haura wata shida da nisa. Fasfon yara biyu sun fito, na Auta muke jira, sai katin rigakafin shawara. Babbar kuwa ta ce ta fasa ganin inda ruwan yake zuwa in dai jirgin zai riƙa rawa kamar na Baba masunci. Mun nuna mata hoton jirgin kusa da motocin da ke tasha don ta ga girmansa. Ta daɗe tana kallo, sannan ta tambaya ko za a bar ta ta tafi da rigarta mai ruwan lemo.