Mutumin da Ya Hana Mu Cika Zaure

Karatu: Markus 6:35-44, 1 Tarihi 9:22-27

Akwai wani bawan Allah a nan Sakkwato da muka yi wa fushi a zuci, kuma har yau ba mu roƙi gafararsa yadda ya kamata ba. Shi ne manajan zauren da muka kama haya don taron zumuntar matasa a watan Afrilu.

Kun san Afrilun Sakkwato. Zafi yakan haura digiri 40, fanka ma iskar wuta take hurowa. Mun iso da ƙarfe bakwai na safe muna ganin mun yi sammako, ashe shi tun asuba yake wurin. Ya auna man janareto, ya gwada lasifika ɗaya bayan ɗaya, ya leƙa tankin ruwa da bayan gida, ya raba wa masu gadi wuraren tsayawa. Sai ya riƙe takarda yana tambayarmu: mutum nawa kuke sa rai? Wa zai tsaya a ƙofa? Akwai mai aikin jinya a cikinku? Muka ce Ubangiji zai tanada. Ya yi murmushi, ya ce shi dai adadi yake so.

Da yamma motoci suka iso daga ƙauyuka, aka cika maƙil. Ya tsaya a bakin ƙofa ya ce ba mai ƙara shiga, sauran su zauna a rumfa, zai ja musu lasifika. Ranmu ya ɓaci. Wane fasto ne ba ya son a ce taronsa ya yi ambaliya? Sai kuma ya ce a kwance sarƙar da muka sa a ƙofar baya. Nan muka fi yin gardama. Duk Kiristan garin nan ya san abin da ya sa muke kulle ƙofa in muna sujada, kuma tsoron ba na banza ba ne. Ya ce, “Malam Fasto, ka ba ni matasa biyu su tsare ta. Amma kwaɗo ba zai zauna a ƙofar da mutane ke ciki ba.”

Ana tsakiyar waƙa aka ɗauke wuta. Kafin janareto ya kama, wani ya yi ihu a baya, kujeru suka fara faɗuwa. Bai kai minti biyu ba. Ta ƙofar nan da muka so kullewa yara da mata suka fice, ba wanda ya ji ko ƙwarzane.

A watan Disambar 2024 yara 35 suka mutu a turmutsutsu a Ibadan. Bayan kwana uku mutum 10 suka rasu a harabar wata majami'a a Maitama, Abuja, wajen rabon abinci. Masu shirya rabon nan alheri suka nufa, kamar mu.

A makarantar tauhidi an koya mana Helenanci da tsara wa'azi, ba a taɓa sa mu ƙirga ƙofofi ba. Amma ku sake duba Markus 6. Kafin Yesu ya gutsuttsura gurasa, sai da ya sa mutum dubu biyar suka zauna ƙungiya-ƙungiya, ɗari-ɗari da hamsin-hamsin. Mun yi shekaru muna wa'azin gurasa biyar da kifi biyu muna tsallake wannan aya ta 40. Jama'a ce mai yunwa, rana ta yi yamma, abinci a hannun mutum goma sha biyu. Da an bar su a tsaye, me kuke tsammani zai faru? A 1 Tarihi 9 kuwa, matsaran ƙofa 212 ne, an rubuta su bisa ga asalinsu, suna kwana kewaye da Haikalin Allah, mabuɗi a hannunsu, su ne masu buɗewa kowace safiya.

In aka ce a rubuta suna don hidima, layin mawaƙa da masu kiɗa yakan cika nan da nan. A takardar masu tsaron ƙofa ta taron baɗi, suna uku kawai muka gani, alhali goma sha biyu muke bukata. Takardar tana hannun sakataren zumunta har Lahadi mai zuwa. Manajan ya yarda zai zo ranar Asabar ya nuna wa waɗanda suka rubuta yadda ake jera kujeru a bar hanya.