Ƙashin Layya a Bakin Duna

Shekara uku ke nan ina ɗauke da wannan magana a zuciya, kuma duk lokacin da Babbar Sallah ta ƙarato sai ta dawo mini sabuwa fil. Magana ce a kan bakin kare. Na san akwai mai karatun da zai taɓe baki ya ce duk halin da Zamfara ke ciki malam bai ga abin rubutu ba sai haƙorin kare. Ina roƙon ya yi haƙuri ya bi ni zuwa ƙarshe, sannan ya yanke hukunci.

Kawuna, ƙanen mahaifiyata, manomi ne kuma tsohon mafarauci a wani ƙauye da ke ƙasar Bukkuyum. Gidansa ne na ƙarshe ta bakin daji. Yana da wani baƙin kare mai suna Duna, wanda ya rena tun yana kwikwiyo. Da farauta ta gagara saboda dajin ya daina shiguwa, sai aikin Duna ya koma gadi. Duk wanda ya san yadda ake kwana a ƙauyukan Anka da Gummi da Bukkuyum a shekarun nan ya san darajar haushin kare da tsakar dare. Shi ke bai wa magidanci 'yan daƙiƙoƙin da zai tayar da iyali ya tura su inda za su ɓuya.

A waccan shekarar a can na yi Sallah. An yi layya, an yi suya, aka zuba wa Duna ƙasusuwa har ya ture. Kwana uku bayan Sallah, da hantsi, sai aka gan shi yana dalalar da yawu, bakinsa a buɗe ya kasa rufewa, yana ta kai ƙafa yana soshe-soshen fuska, yana goga kai a ƙasa. An ba shi ruwa, ya sa baki ya janye. Wani yaro ya matso zai taɓa shi, ya kai masa cafka, Allah Ya kiyaye bai same shi ba. Kafin a ce haka samari sun taru da sanduna, kowa na faɗin kare ya haukace.

Kawu ya tsaya tsakaninsu da karen, ya waiwayo ya dube ni ya ce, "Ɗana, kai ne mai karatu a cikinmu. Me ka gani?" Su a wurinsu tunda ana kira na dakta, to na san ciwo. Ba su san digirin nawa bai haɗa hanya da likitanci ba, ni kuma girman kai ya hana ni faɗa. Na dubi yawun, na dubi yaran da suka kewaye mu, na ce, "Kawu, a yi haƙuri, rayuwar yara ta fi." Bai sake cewa uffan ba. Ya kauce, ya shiga gida.

Da la'asar ya ja gawar bayan gari don ya binne, na bi shi. Kafin ya tura ƙasa sai ya sa tsinken itace ya buɗe bakin karen, ya daɗe yana kallo, sannan ya yafito ni. Wani guntun ƙashin haƙarƙari ne ya gitta a gandar Duna, ya maƙale daram tsakanin turamen sama na dama da na hagu, naman wurin ya kumbura. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne sauran bakin. Babban haƙorin da kare ke datsa nama da shi ya tsage, ya yi baƙi. Fiƙa ɗaya ta karye. Wata irin dauɗa ruwan ƙasa ta daskare a kan haƙoran kamar siminti, dasashi ya ja baya yana fitar da ruwan mugunya. Wannan ba aikin kwana uku ba ne. Kawu ya ce, "Shekara takwas muna tare, ban taɓa duba bakinsa ba."

Da na koma bakin aiki na kai labarin wurin wani abokina likitan dabbobi, ina fatan ya wanke ni. Bai wanke ni ba, bai kuma ce tsoron samarin shirme ne ba. Ya ce cutar haukan kare na zuwa da fuska biyu. Akwai mai sa kare faɗa da cizon duk abin da ya gani, wadda kowa ya sani. Akwai kuma ta shiru, mai shanye muƙamuƙi da maƙogwaro, kare ya kasa haɗiya, baki ya saki, yawu na zuba, sak kamar wanda ƙashi ya maƙale wa. Saboda haka kuskuren kan faɗo ta ɓangare biyu. Wasu su kashe kare mai ƙashi a baki da zaton hauka ne, wasu kuma su zura hannu bakin mahaukacin kare suna neman ƙashin da babu, yawun ya shiga wani ɗan rauni da ke yatsa. Abin da ya kamata mu yi, in ji shi, bai fi ƙarfinmu ba: a rufe karen a ɗaki ko a ɗaure shi nesa da yara, kada kowa ya kai hannu bakinsa, a aika a kira malamin dabbobi. Karen da ƙwayar cutar ta riga ta sauko cikin yawunsa ba ya wuce kwana goma a raye, shi ya sa ake tsare karen da ya yi cizo na tsawon wannan lokaci a ga abin da zai faru. Ƙashin kuwa, da an yi wa Duna allurar barci, cire shi aikin 'yan mintuna ne.

Tsoron haukan kare yana da hujja. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar na kashe kimanin mutum 59,000 a kowace shekara, galibinsu a Afirka da Asiya, kashi 99 cikin ɗari ta hanyar kare, kuma kusan kashi 40 cikin ɗari yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Da zarar alamunta sun bayyana a jikin mutum, da wuya ƙwarai a tsira. Amma tsoron nan ya hana mu kusantar bakin kare gaba ɗaya, har ba mu san yadda lafiyayyen baki yake ba, balle mu gane mai ciwo. Rashin sani ya fi dare duhu.

Babban kare yana da haƙora 42, kwikwiyo 28, kuma kafin ya kai wata bakwai ya gama famfara. Kyanwa, wadda mu a can muke kira mussa, tana da 30, 'yar jaririyarta 26. Ciwon da ya fi addabar su ba kogon haƙori ba ne irin namu na masu shan zaƙi. Ciwon dasashi ne. Ragowar abinci da ƙwayoyin cuta kan yi wani yauƙi a jikin haƙori, cikin 'yan kwanaki ya taurare, ya shiga ƙarƙashin dasashi ya riƙa cin naman da ƙashin da ke riƙe da haƙorin, har ya yi girgiɗi ya faɗi. Likitocin dabbobi sun ce yawancin karnuka da kyanwoyi kan fara nuna alamun wannan ciwo tun suna shekara uku. Sai kuma karyewar haƙori, wadda ƙashi mai tauri da ƙaho da dutse ke jawowa. Mun tashi mun tarar ana cewa kare da ƙashi ba a raba su, amma ƙashin da aka dafa ko aka soya yana bushewa, ya riƙa tsagewa da kaifi, ya maƙale a ganda ko ya soki hanji.

Alamun duk suna nan a fili ga mai lura. Da na koma ƙauye na jera wa Kawu su, sai ya riƙa gyaɗa kai. Warin baki mai tsanani: ya ce an daɗe da hana Duna kwanciya kusa da tabarma saboda shi. Tauna ta gefe ɗaya da zubar da abinci daga baki: ya ce ya gani, ya ɗauka tsufa ne. Kumburi a ƙarƙashin ido: ya ce da damina ya fito ya fashe, suka ce ƙaya ce, suka shafa man kaɗe. Alhali irin wannan kumburi sau da yawa daga saiwar tsagaggen haƙorin sama yake tasowa. Duna ya shekara yana faɗa mana da harshen da yake da shi, mu ne ba mu ji ba.

Ita kyanwa ta fi kare ɓoye ciwo. Akwai wata cuta da ke zaizaye haƙorinta daga gindi, da wata mai sa cikin bakinta ya yi ja jawur. Za ka gan ta ta zo gaban abinci da yunwa, ta ɗan taɓa, ta zabura ta gudu. Ta daina lasar jikinta, gashi ya cukurkuɗe. Sai a ce ta lalace, ta daina kamun ɓera, a kore ta. A gidan manomi kuwa, inda abincin shekara ke cikin rumbu, kyanwar da ba ta iya cizo asarar hatsi ce. A nan ma akwai gargaɗin da ya wajaba: kada tausayi ya sa a ba ta farasitamol, domin ƙwaya ɗaya na iya kashe ta. Haka nan ba a wanke wa kare ko kyanwa baki da man goge baki na mutane, saboda haɗiye shi suke yi, kuma akwai sinadaran da ke cikinsa masu cutar da su.

Ga mai cewa addini ya nesanta mu da kare, sai in tuna masa cewa a mazhabar Malikiyya da muka tashi a kanta kare mai rai ba najasa ba ne, har yawunsa, kuma umarnin wanke ƙwaryar da ya yi lallage a ciki sau bakwai malamanmu sun ɗauke shi a matsayin bautar Allah. An halatta riƙe shi don farauta da kiwo da gadin gona. An ruwaito cewa Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani, mai littafin Risala da muka karanta a zaure, ya ajiye kare a gidansa a wani zamani na tsoro, kuma da aka yi masa magana sai ya nuna cewa da Imamu Malik ya riski wannan zamani da zaki zai ajiye. Mun kuma san hadisin wanda aka gafarta wa saboda ya shayar da kare, da na matar da ta shiga wuta saboda ta kulle kyanwa. Wanda ya ɗora wa dabba aikin gadin ransa, haƙƙinta ya hau kansa.

Mu mutanen wannan yanki mun fi kowa sanin abin da raina ciwon dabba ke jawowa. A farkon 2010 agwagi suka riƙa mutuwa a ƙauyukan da ake niƙa dutsen zinari cikin gidaje, ba wanda ya damu. Bayan 'yan watanni aka gano gubar dalma ce, bayan ta shiga jikin yara a Yargalma ta Bukkuyum da Dareta da Bagega ta Anka da wasu ƙauyuka, ta kashe fiye da 400. Agwagin sun riga likitocin MSF kawo labari. Dabbar gida da ɗan gida ƙasa ɗaya suke takawa, kuma bakin karen da muke ƙyamar dubawa shi ne dai ke lasar hannun yaranmu.

Ban ce manomin da ke fama da abin sawa a baka ya sayi buroshin kare ba. Abin da nake nema bai kai nan ba. A saba wa kwikwiyo tun yana ƙarami da ɗaga masa leɓe, mai shi ya riƙa dubawa ko sau ɗaya a mako, ya goge masa haƙora da tsumma mai tsabta in zai iya, sannan ya wanke hannu da sabulu. A daina jefa masa dafaffen ƙashi, musamman a kwanakin layya. A yi masa allurar riga-kafin hauka duk shekara, wadda Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom, da aka kafa tun 1924, take sarrafawa a nan gida. Karen da aka san yana da riga-kafi, in ya yi dalala ba za a fara da sanda ba. Masana sun tabbatar cewa in aka yi wa kashi 70 cikin ɗari na karnukan wuri allura, yaɗuwar cutar na yankewa. In kuwa cizo ya auku, a wanke raunin da ruwa da sabulu na tsawon minti 15, a garzaya asibiti a ranar. Ina kuma kira ga hukumomin jiha da na ƙananan hukumomi, duk lokacin da ma'aikata suka fita riga-kafin shanu da awaki, a haɗa da karnuka, a kuma duba bakinsu. Ɗaliban likitancin dabbobi na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato da Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, musamman waɗanda suka fito daga waɗannan ƙauyuka, za su iya wayar da kan iyayensu a lokacin hutu, ko da a ranar 28 ga Satumba da duniya ta ware don yaƙi da wannan cuta.

Kawu ya yi watanni yana kwana a zaure da tocila, domin babu mai yi masa haushi. Bai taɓa ɗora mini laifi ba, kuma wannan ya fi mini zafi. Daga baya ya samo wani jan kwikwiyo. Da na je bara na tarar da shi ya durƙusa, ya ɗaga leɓen karen da babban yatsa yana leƙawa. Ya ce, "Ɗana, zo ka gani, wannan karon kai ma ka duba kafin ka yi magana." Na durƙusa kusa da shi na duba. Allah Ya yafe mana abin da muka yi cikin rashin sani, Ya kawo mana zaman lafiya a Zamfara da ƙasa baki ɗaya.