Ashe Ba Ƙanena Ba Ne

Da na ga baƙaƙen ɗigo a ɗinkin katifarmu a Kubwa, yara na ta susa, nan take na zargi ƙanena da ya zo neman aiki daga Katsina. Ai kuɗin cizo jakar matafiyi yake bi. Muka kwara wa gado tafasasshen ruwa, muka shanya katifa, muka fesa fiya-fiya har kai ya yi ciwo. Sati biyu, suka dawo.

Sai mai feshi ya leƙa silin: jemagu! Nasu kuɗin cizon kamar namu yake, gashinsa kawai ya fi tsawo. Da suka fita da magariba muka toshe kafar, aka sake feshi.

Ƙanena kuwa tuni ya hau mota a Zuba. Har yau bai ɗaga wayata ba.