Habaicin da ya sauka gidan maƙwabci

Ranar 28 ga Fabrairun 2024 majalisar dokokin Ghana ta amince da ƙudurin hukunta masu neman jinsi, wanda ɗan majalisa Sam George ya tsaya a kansa tun 2021. A daren nan wurin atayarmu a unguwar Nima bai watse ba sai tsakar dare, kuma ni aka sani da barkwanci a can.

Da Ma'aikatar Kuɗi ta ce ƙasar za ta iya rasa dala biliyan 3.8 na Bankin Duniya idan ƙudurin ya zama doka, shugaban ƙasa na lokacin Akufo-Addo kuma ya ƙi sa hannu, sai na samu abin yi. Nakan kwaikwayi ɗan siyasa, carbi a dama, ƙoƙon bara a hagu, yana rantsuwar kare aure alhali babbar kwatar da ta ratsa Nima da Maamobi tana ambaliya duk damina. Ana dariya, ana kuma tambaya: auren jinsin da dokar Ghana ba ta taɓa halattawa ba, me ya sa sai zaɓe ya ƙarato ake tada shi? Ban yi nadamar wannan habaici ba. Ra'ayina a kan auren shi ne na addinina, ban ɓoye ba.

Wani dare kuwa bakina ya zarce. Wani yaro tela ya wuce, mai sanyin murya, na kwaikwayi tafiyarsa na kira shi amarya. Kafin mako yara sun ɗauka, suna bin sa da sunan har bakin shago. Masu kawo ɗinki suka janye. Babu wanda ya taɓa ganinsa da wani laifi.

Limamin masallacinmu ya tsayar da ni bayan Isha'i. Ya ce, "Ɗana, ka manta a 2015 an yi wa wani mutum dukan kawo wuƙa a nan Nima kan zargi kawai? Ɗan majalisa yana da mota da masu gadi. Yaron nan me yake da shi?" Ya tuna mini girman ƙazafi a Musulunci, ya wuce.

Na je neman gafara washegari, na tarar da shagon a kulle. Uwarsa tana sayar da koko a bakin lungu. Ta ce ya tafi Kumasi wurin kawunsa, ta miƙo mini kokon ba ta ɗago ido ba.