Milano: Dariyar da Aka Kankare Daga Fata

Ƴan kasuwarmu sun san Milano ta ƙasar Itali da takalma da tufafi. Amma tafiyar ƴan mintoci a ƙasa daga babbar majami'ar birnin, akwai wani tsohon gida da ake kira Ambrosiyana, ɗakin littattafan da Kardinal Federiko Borromewo ya buɗe wa jama'a a 1609. Can na nufa, saboda wata tsohuwar fata da ke ajiye a ciki.

Duk wanda ya karanta L'Avare na Moliyer a lise ya ɗanɗani Pulotu ko bai sani ba, domin daga wasansa na marowaci da tukunyar zinariya Bafaranshen ya ɗebo labarin a 1668. Pulotu Barume ne mai rubuta wasannin ban dariya da Latinanci. Ya rasu a shekara ta 184 kafin haihuwar Annabi Isa (AS).

Wajen ƙarni na 5 aka kwafe wasanninsa a kan fata. Da fata ta yi tsada, sai wasu malaman Kirista suka kankare rubutun, kamar yadda almajiri ke wanke allo, suka ɗora Littattafan Sarakuna na Baibul a kai. Sai dai fata ba ta mance tawada. A 1815 Anjelo Mai, ma'aikacin gidan, ya hango tsoffin baƙaƙen a ƙarƙashin sababbi. Garin ɗoki ya shafa musu ruwan magani don su fito; suka fito, amma maganin ya ƙona shafuka da dama. Bajamushe Wilhelm Studemund ya share shekaru yana tsintar haruffan ɗaya bayan ɗaya har idanunsa suka raunana, aka buga aikinsa a 1889, shekarar da ya rasu. Albarkacin wannan fata ne guntayen wasan Vidularia suka iso gare mu.

Na fito ina tunanin akwatunan kakanninmu a Damagaram da Agadas, inda gara da ɗigon damina ke cin takardun ajami. Mai kankarewa ya ɓata, mai gaggawar gyara ya ƙara ɓatawa, mai haƙuri ne ya ceci abin da ya saura. Wanda ya gaji takarda, ya nisanta ta da danshi, kada ya shafa mata komi, ya kai wa masana su ɗauki hotonta tun baƙaƙen na karantuwa.