Zoɓon New Bell da Harshen da ke Gane Gida

A ƙasashen da ake noman inabi, irin su Faransa da Italiya, akwai mutanen da kurɓi ɗaya na ruwan inabi ya ishe su su faɗi gundumar da aka matse shi. Bahaushe Musulmi ba ruwansa da giya, amma wannan baiwa ta harshe ba ta tsallake shi ba. Wanda ke son shaida, ya nufi unguwar New Bell ta birnin Duwala, inda mata ke haɗa zoɓo a cikin gidajensu, kowace da irin hannunta, masu sha kuma suna bambance na wannan gida da na wancan kamar yadda ake bambance muryoyi.

Ita kanta unguwar haifaffiyar tilas ce. Jamusawa ne suka shata ta lokacin da suka ƙudura tashin mutanen Duwala daga bakin kogin Wuri, rikicin da ya kai ga rataye sarkinsu, Rudolf Duala Manga Bell, ranar 8 ga Agusta, 1914. Daga baya wurin ya zama masaukin baƙi: Bamileke, Basa, da Hausawa fatake da mahauta, waɗanda har yau wani sashe na unguwar ke amsa sunansu. Sun zo da tsire da kilishi, sun zo kuma da abin da za su kora.

Yakuwa ba ta son damshin Duwala, inda ruwan sama ke zuba kamar da bakin ƙwarya a watannin Yuli da Agusta. Shukar arewa ce. Da kaka ake tsinke jajayen kwansonta a yankunan Garwa da Marwa, a shanya, a ɗura a buhuna, a sauko da su kudu ta mota, ko ta jirgin ƙasan da ya haɗa Ngaundare da teku tun 1974. Ɗalibi zai lura da yawan sunayenta. Ganyen shi ne yakuwa, wasu su ce sure. Kwanson shi ne zoɓorodo ko soɓorodo, wanda aka gajarta ya koma zoɓo. A Gana sunan ya zama sobolo, Sanagal ta ce bisap, Sudan da Masar suka ce karkade. A Kamaru kuwa sunan Fulatanci ne ya yi rinjaye, har mai Faransanci ma folere yake cewa. Saboda haka Bahaushiyar New Bell tana dafa zoɓo a tsakar gida, in ta miƙa shi ga mai saye a bakin titi ya koma folere.

A cikin masu harshe na unguwar akwai wani dattijo da ya yi shekaru yana fataucin shanu kafin ƙafa ta hana shi. Ba ya sha a tsaye, ba ya sha daga bakin kwalba. Sai an zuba masa a kofin gilas ya ɗaga ya duba: ja wur ne ko ya yi duhu? In ya yi baƙi-baƙi, to an saka kanwa don a kashe tsami. Sannan ya shinshina, ya nemi kanumfari da citta da ɓawon abarba. Daga nan ya kurɓa, ya bar shi a baki kaɗan kafin ya haɗiye. A ganinsa, mai kwankwaɗa ƙishirwa kawai yake kashewa, bai san abin da ya wuce ta maƙogwaronsa ba.

Hukuncinsa darasi ne na kalmomi. Tsami daban, bauri daban: tsami shi ne na lemo da tsamiya, mai tara yawu a baki, bauri kuwa shi ne na ɗanyen goro, mai kama harshe ya busar da shi. Zoɓon da aka bari ya daɗe kan wuta bauri yake yi, wanda aka jiƙa ya kwana kuwa tsaminsa a sake yake fitowa. Ɗaci aibi ne, galibi daga kanumfarin da ya yi yawa. Yaji na citta ne da masoro, kuma wurinsa maƙogwaro, bayan an haɗiye. In sukari ya danne komai, sai ya ce ya yi zaƙi caƙwai, abin yara. In an yi ha'incin ruwa, ya ce tsululu ne, salam. Garɗi ba ya ba zoɓo shi, domin a wurinsa garɗi na kunun aya ne da kunun gyaɗa, abubuwa masu maiƙo.

Wata shekara wata matashiya ta fita takaba da 'ya'ya uku, ba ta da jari sai tukunya da firjin da mijinta ya bari. Ta fara ƙulla zoɓo tana sayar da ƙaramar kwalba dala ashirin, wato sefa 100. Kasuwa ta ƙi. Ana gab da wani babban biki da za a buƙaci kwalabe masu yawa, sai ta ɗauki ɗaya ta kai wa dattijon, ta durƙusa.

"Baba, a ɗanɗana mini. In da gyara a faɗa."

Ya duba, ya shinshina, ya kurɓa. "'Yata, hannunki da kyau, cittarki daidai. Amma ina kike ajiye buhunki?"

"A ƙasa, Baba, bayan ƙofa."

"Shi ne. Damshi ya shiga, akwai ɗan warin fumfuna daga ƙarshe. Ruwa ba ya tsami banza. Ɗaga shi kan katako, ki riƙa sayen kaɗan kaɗan."

Ta zubar da rabin buhu, asarar da ta kwana tana lissafi. Bayan mako biyu ta dawo da wata kwalbar. Wannan karon dattijon ya kurɓa sau uku, sai ya shiga ba da labarin wani bajimin sa da ya taɓa saya a Ngaundare, labarin da babu wanda ya tambaye shi. Matan da ke wurin suka tuntsire da dariya, suka ce Baba yana santi. Santi shi ne zancen da daɗin abinci ke fizgowa daga bakin mutum ba shiri, kuma babu yabon da mai girki ke so kamarsa, domin ba a yin sa da gangan. Kafin magariba labarin ya zaga, aka ba ta aikin bikin.

Akwai iyaka ɗaya da masu wannan sana'a ba sa wasa da ita. Ruwa mai sukari in ya kwana cikin zafin Duwala, musamman ranar da aka ɗauke wuta, yakan fara kumfa, kwalba ta kumbura, ta yi huci in an buɗe. Hausa ta raba "yana da tsami" da "ya yi tsami": na farko halinsa ne, na biyu lalacewa ce, kuma hanya ce da ke bi ta kai shi inda bammi da burkutu suke. Makwabta suna shan bamminsu, wanda suke kira matango, ba mai ce musu kanzil. Amma macen kirki in zoɓonta ya juya, kwata take kai shi, ko nawa ta kashe.

Abin da ke neman ɓacewa ba zoɓon ba ne, don kullum masu sayensa ƙaruwa suke. Kalmomin ne. Jikokin dattijon, waɗanda Faransanci ya fi kama bakinsu, kalma biyu suka riƙe: da daɗi, ba daɗi. Wanda bai san sunan bauri ba zai ji shi a harshe, amma ba zai iya gaya wa mai dafawa ta rage wuta ba, kuma da garin ɗanɗano na leda da ɓawon abarba na gaske duk ɗaya za su zame masa. Ɗalibin Hausa da ke son waɗannan kalmomi su zauna masa, ƙamus kaɗai ba zai ishe shi ba. Ya sayi zoɓo daga gida uku, ya jera kofuna, ya kurɓi kowanne a hankali, ya nema masa sunan da ya dace da shi.