Sunan Da Ya Fi Masu Shi Tsawon Rai

A kiɗan da muka gada ba a jayayya a kan wane ne mai ƙungiya. Idan aka ce Shata zai yi wasa, kowa ya san wanda zai gani. Masu kalangu da 'yan amshi suna iya sauyawa, amma sunan na mutum ɗaya ne. Makaɗan rok da na metal na ƙasashen Turawa kuwa wani tsari ne dabam. Samari huɗu ko biyar ne za su haɗu, su laƙaba wa kansu sunan da ba na ɗayansu ba, kamar Led Zeppelin ko Black Sabbath ko Deep Purple, su ce duk namu ne. Abin da aka ce na kowa ne kuwa, sai ranar rabo ake gane cewa ba na kowa ba ne.

Na fara jin waɗannan makaɗa a kaset-kaset ɗin da yayana ya bari a gida, tun ban iya tantance abin da suke faɗa ba. Ba na kare irin rayuwar da yawancinsu suka yi, domin shaye-shaye ya kashe wasu, ya nakasa wasu. Abin da ya riƙe ni shekaru masu yawa shi ne tarihinsu, wanda in aka cire ƙarar gita da ta ganguna, labari ne na abokan tarayya: yadda suke haɗuwa da talauci, yadda arziki ke gwada su, da yadda suke yi idan ɗayansu ya faɗi. Wanda yake son ganin wannan a dunƙule, ya dubi shekara ɗaya tak, wato 1980.

A ranar 19 ga Fabrairu na wannan shekara, Bon Scott, mawaƙin ƙungiyar AC/DC ta ƙasar Ostiraliya, ya rasu a Landan bayan ya kwana yana shan barasa. Shekarunsa 33. 'Yan uwan nan biyu da suka kafa ƙungiyar, Malcolm da Angus Young, sun yi tunanin dainawa, amma iyalin mamacin suka ƙarfafa musu gwiwar ci gaba. Suka ɗauko Brian Johnson daga arewacin Ingila, kuma kafin Yuli ya ƙare suka fitar da faifan Back in Black, da baƙin bango alamar makoki. Ana ƙiyasta an sayar da kwafinsa kimanin miliyan 50, abin da ya sa shi cikin faya-fayan da aka fi saye a tarihi.

A ranar 25 ga Satumba, irin wannan ajali ya sami John Bonham, makaɗin gangunan Led Zeppelin, yana da shekara 32. A lokacin da wuya a sami ƙungiyar da ta fi su cika filin wasa, kuma makaɗan ganguna ba su ƙare a Ingila ba. Duk da haka, a ranar 4 ga Disamba sauran ukun suka sanar cewa ba za su iya ci gaba ba tare da shi ba. Sun ɗan haɗu jefi-jefi daga baya, mafi shahara shi ne wasan Landan na 2007, inda ɗan marigayin, Jason, ya zauna a kujerar mahaifinsa. Amma mawaƙinsu Robert Plant ya ƙi yarda a mayar da abin rangadi, duk da ɗimbin kuɗin da ke ciki.

Mutuwa iri ɗaya, shekara ɗaya, amsa biyu. Masoya sun daɗe suna gardama a kan wa ya yi daidai. Ni a ganina duka biyun sun riƙe amana, kowa ta hanyarsa: waɗannan sun ce aikin da muka fara da shi ba zai mutu ba, waɗancan sun ce sunan da muka yi da shi ba za a ci da shi ba ya nan. A duka gidajen biyu an yi shawara da mamacin a zuciya.

Shekarar ba ta ƙare da wannan ba. Black Sabbath, 'yan Birmingham da ake ɗauka su ne tushen kiɗan metal, sun kori mawaƙinsu Ozzy Osbourne a 1979 saboda shaye-shayensa ya wuce gona da iri, ko da yake su ma ba tsarkaka ba ne. A 1980 suka fitar da Heaven and Hell da sabon mawaƙi, Ronnie James Dio, shi kuma korarren ya fitar da Blizzard of Ozz. Duka biyun suka karɓu, har ta kai wanda aka kora ya fi waɗanda suka kore shi suna. Wannan wani abin mamaki ne da ke yawan faruwa a wannan sana'a: kora takan zama alheri ga kowane ɓangare, muddin kowa ya tafi da abin da yake nasa.

Inda ake samun ɓaraka shi ne idan wani ya tafi da abin da yake na tarayya. A dai wannan shekara, Rod Evans, mawaƙin farko na Deep Purple wanda aka sallama tun 1969, ya tara wasu makaɗa da ba a sani ba, suka shiga rangadi a Meziko da Amurka da sunan Deep Purple, alhali ainihin ƙungiyar ta watse tun 1976. Aka kai ƙara, kotu ta ci su tarar dala dubu 672. A nan duniya ta ga cewa suna ya zama kadara, kamar fili ko shago. Bayan shekara biyar Roger Waters ya bar Pink Floyd yana ganin ƙungiyar ta ƙare tunda shi ne ya rubuta yawancin waƙoƙinta na baya-bayan nan. David Gilmour da Nick Mason suka ce a'a. Ya garzaya kotu, aka sasanta a 1987, suka riƙe sunan. Da kowane ɓangare ya fita rangadi, jama'a suka fi tururuwa inda sunan yake, ba inda marubucin yake ba.

Da zarar suna ya zama kadara, ajiye shi yakan gagara. Shi ya sa ban kwana a wannan duniya ba ya nufin tafiya. The Who sun yi rangadin ban kwana a 1982, suka dawo a 1989. Kiss sun yi nasu a 2000, amma sai a Disambar 2023 suka yi wasan da suka kira na ƙarshe a birnin New York. Mötley Crüe har takarda suka sa wa hannu a gaban 'yan jarida a 2014 cewa ba za su ƙara rangadi ba bayan na ƙarshe. A 2019 suka yi watsi da ita. Hausawa sun ce sabo turken wawa, sai dai a nan turken har da kuɗi a jikinsa, ga kuma ɗaruruwan ma'aikata da ke ci a ƙarƙashin sunan. Ƙarshen wannan hanya shi ne Lynyrd Skynyrd ta Amurka: haɗarin jirgin sama ya kashe mawaƙinsu da wasu a 1977, na ƙarshe cikin waɗanda suka kafa ta, Gary Rossington, ya rasu a 2023, kuma ƙungiyar ta ci gaba da wasa. Babu ko ɗaya daga masu asalin sunan, amma sunan yana sayar da tikiti.

To da me za a auna su? Yawan faya-fayai ba ya gaya mini komai game da halin mutane. Ma'aunina shi ne yadda ƙungiya take yi da abokin da ba ya iya kare kansa: wanda ya mutu, ko ya nakasa, ko hankalinsa ya gushe. A ranar ƙarshe ta 1984, Rick Allen, makaɗin gangunan Def Leppard, ya yi haɗarin mota kusa da Sheffield, ya rasa hannunsa na hagu yana ɗan shekara 21. Makaɗi mai hannu ɗaya, a hankalce aikinsa ya ƙare. Abokansa ba su sallame shi ba. Suka jira har aka haɗa masa ganguna masu aiki da lantarki, ya koyi buga da ƙafa abin da hannu yake bugawa. Ya koma dandali a 1986, kuma da shi aka yi Hysteria a 1987, faifan da ya fi duk nasu kasuwa. Haka Pink Floyd, duk da rigimarsu, sun tabbatar kuɗin waƙoƙin Syd Barrett, jagoransu na farko da taɓin hankali ya raba da su a 1968, suna isa gare shi har ya rasu a 2006.

Na fi jin wannan a jikina saboda na ga irinsa ba tare da gita ba. Na san abokai uku da suka buɗe shago tare, da jari ɗaya da suna ɗaya. Ɗaya ya rasu, allon bai sauya ba, ciniki ya ƙaru, amma matar marigayin sai da ta haɗa da dattawan unguwa kafin a nuna mata littafin lissafi. Duk wanda ya shiga tarayya, ko ta kasuwa ko ta makaranta ko ta ƙungiyar marubuta, yana da kyau ya tambayi kansa tun ana dariya: idan ɗayanmu ya faɗi, sunan nan na wane ne, kuma mene ne haƙƙin iyalinsa a ciki? Makaɗan nan sun biya lauyoyi maƙudan kuɗi kafin su koyi yin wannan tambaya.

Black Sabbath ma sun daɗe kafin su gyara tasu. Da suka sake haɗuwa a 2012, makaɗin gangunansu na asali, Bill Ward, ya janye saboda saɓani a kan yarjejeniya, aka yi rangadin ban kwana na 2017 babu shi. Sai a ranar 5 ga Yulin 2025 su huɗun suka hau dandali ɗaya a filin Villa Park, a unguwar Aston inda suka tashi. Ozzy yana zaune a kujera saboda cutar karkarwa ta hana shi tsayuwa, kuma kuɗin da aka tara na agajin marasa lafiya ne. Bayan kwana 17 ya rasu. Da sun ƙara jinkirin wata guda, da ba a samu cike gurbin nan ba har abada.